Kogon haƙori a Arlit: abin da jinkirin ciko ke jawowa

A Arlit da Akokan, butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi. Ma'aikacin da ya kwana wurin aiki da direban da ke jiran lodi duk suna kurɓar kofi uku a zama ɗaya, kowane da sukari har ya yi kauri. Kowace kurɓa, ƙwayoyin cuta na baki suna mayar da sukarin tsami mai narkar da ɓawon haƙori. Miyau ne ke wanke tsamin, amma zafi da ƙurar hamada suna busar da baki. Don haka yawan maimaita shan ya fi yawan sukarin ɓarna.

Ruɓewar ba gudu ɗaya take yi ba. A ɓawon waje na haƙorin babba takan ɗauki shekaru, sai dai farin tabo ko ɗigon baƙi, babu zafi. A nan man goge baki mai fulorayid da asawaki na iya tsayar da ita. Da ta keta zuwa ɓangaren ciki mai taushi, watanni sun isa, a haƙoran nono ma abin ya fi sauri. Kamar ramin haƙar ma'adinai na kamfanin COMINAK ne: baki ƙarami, ƙarƙashi kuwa an rarake.

Me ke sa mutane jira? Tun da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan gidaje suka rasa albashi. Daga Arlit, Agadas tana da nisan kilomita kusan 240, Yamai, inda likitocin haƙori suka fi taruwa, ta zarce 1,000. Sai a cusa kanumfari a kogon, a haɗiye farasitamol, a ce gobe.

Lokacin da ruwan sanyi ya fara tsarga haƙori, ciko na zama ɗaya ya wadatar. In zafin ya kai ga hana barci, ruɓa ta taɓa jijiya, sai aikin jijiya mai tsada ko cirewa. Mafi haɗari shi ne ranar da zafin ya lafa da kansa: sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a saiwa, kumburin kuma na iya gangarowa wuya ya toshe numfashi, musamman ga mai ciwon sukari.

Ya kamata hukumomin lafiya na jihar Agadas su riƙa duba haƙoran 'yan makaranta, su wadata asibitocin Arlit da kayan ciko. Mai kogo kuwa ya je tun yana iya tauna dabino da ɓangaren da kogon yake.