Yadda ake girka manhajar rumbun bayanai a kwamfutar da adireshinta ke sauyawa

Ɗalibin da ke koyon sarrafa rumbun adana bayanai kan girka manhajar Oracle a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka da daddare, yana jone da intanet ɗin wayarsa, komai kuma ya tafi daidai. Washegari ya isa makaranta, ya jona da intanet ɗin ɗakin karatu, sai manhajar ta ƙi buɗe masa rumbun, ta fito da saƙon kuskure mai lamba ORA-12541 ko ORA-12545. Da yawa kan ɗauka cewa bayanansu sun salwanta, su goge manhajar su sake girkawa, wani lokaci tare da aikin makonni da ke cikinta. Alhali bayanan na nan lafiya. Adireshin kwamfutar ne ya sauya.

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lambar da ake gane ta da ita, wato adireshin IP, kamar 192.168.1.25. A gidaje da ofisoshi da makarantu, mai kwamfuta ba shi ke zaɓar wannan lamba ba. Na'urar rarraba intanet, ko wayar da aka kunna wa rabon intanet, ita ke ba da ita ta hanyar wani tsari mai suna DHCP, wanda aka fara fitar da ƙa'idojinsa a 1993, aka sabunta su a 1997. Aro ne ake bai wa kwamfuta na wani ƙayyadadden lokaci. Idan wa'adin ya cika, ko aka koma wata hanyar sadarwa, tana iya samun wata lambar daban. Ga mai duba shafukan intanet wannan ba damuwa ba ne, domin shi ke neman wasu. Rumbun bayanai kuwa nemansa ake yi, don haka dole a san inda za a same shi.

A cikin Oracle akwai wani ɓangare da ake kira Listener, wato mai sauraro. Aikinsa shi ne ya tsaya a ƙofa mai lamba 1521, ya karɓi duk wanda ke son shiga rumbun, ya miƙa shi ciki. A lokacin girkawa, manhajar kan rubuta suna ko adireshin kwamfutar a cikin wasu fayil biyu, listener.ora da tnsnames.ora. Na farko yana gaya wa mai sauraron inda zai tsaya, na biyu yana gaya wa mai neman shiga inda zai nufa. Idan adireshin da aka rubuta ya daina aiki, mai sauraron ba zai iya tashi ba, mai neman shiga kuma zai ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta.

Maganin da kamfanin Oracle ya daɗe yana ba da shawara a kai ga masu amfani da Windows shi ne a ƙirƙira wa kwamfutar katin sadarwa na jabu, wanda ke cikin manhaja kawai, babu waya ko eriya a jikinsa. Tun da ba ya jone da kowace hanyar sadarwa, babu mai sauya masa lamba, kuma yana aiki ko da babu intanet gaba ɗaya. Ana so a yi wannan kafin a girka Oracle.

Ga yadda ake yi a Windows 10 da 11. Mai karatu zai danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta hdwwiz, ya zaɓi ƙara na'ura da hannu. Daga jerin da zai fito sai ya shiga sashen katunan sadarwa, ya zaɓi kamfanin Microsoft, sannan Microsoft KM-TEST Loopback Adapter. Bayan an gama, sai ya sake danna maɓallan nan biyu ya rubuta ncpa.cpl, inda zai ga sabon katin. A cikin saitinsa na IPv4 zai sanya adireshin 10.10.10.10, a layi na biyu ya sanya 255.255.255.0, ya bar gurbin mashigar intanet babu komai. Lambobin da suka fara da 10, da waɗanda suka fara da 192.168, an keɓe su ne don amfanin cikin gida, ba sa yawo a intanet. Sai dai a kula kada a zaɓi lambar da ta yi karo da wadda ake amfani da ita a ofis ko makarantar da ake zuwa.

Mataki na gaba shi ne ɗaura sunan kwamfutar a kan wannan lamba. Windows na da wani ƙaramin fayil mai suna hosts a cikin C:\Windows\System32\drivers\etc, wanda take dubawa idan tana neman adireshin wani suna. A buɗe Notepad da ikon mai kula da kwamfuta, a buɗe fayil ɗin, a ƙara layi guda: 10.10.10.10, a bar tazara, sannan sunan kwamfutar. Don tabbatarwa, a rubuta ping tare da sunan a dandalin ba da umarni, a duba ko amsa na dawowa. Daga nan sai a girka Oracle. Kada kuma a sauya sunan kwamfutar bayan haka, domin matsalar da aka guda za ta dawo ta wata fuskar.

Wanda ya riga ya girka ba sai ya goge ba. Fayilolin nan biyu suna cikin babban fayil na network\admin a inda aka girka Oracle. Sai ya adana kwafinsu tukuna, ya nemi wurin da aka rubuta HOST, ya maye gurbin tsohuwar lambar da sabuwa ko da kalmar localhost, wadda ke nufin kwamfutar kanta, mai lamba 127.0.0.1. Sannan ya ba da umarnin lsnrctl stop, ya biyo da lsnrctl start. Umarnin lsnrctl status zai nuna ko mai sauraron ya tashi da kuma inda yake tsaye.

Masu amfani da PostgreSQL ba su cika haɗuwa da wannan matsala ba, domin tun daga farko a localhost take sauraro, a ƙofa ta 5432. MySQL kuwa, mai ƙofa ta 3306, tana da saitin bind-address da za a iya sanya wa 127.0.0.1. A Linux, fayil ɗin /etc/hosts ne ke yin aikin da aka bayyana a sama.

Duk wannan ya dace ne da mai koyo ko mai aiki shi kaɗai, domin rumbun da aka ɗaura a kan katin jabu ko localhost babu wata kwamfuta da za ta iya kai wa gare shi. Kantin magani ko makarantar da ke da kwamfutoci da dama masu shiga rumbu ɗaya na buƙatar wata hanyar. A shiga saitin na'urar rarraba intanet, a umarce ta da ta keɓe wa kwamfutar da ke ɗauke da rumbun lamba guda a kullum, ta hanyar lambar MAC da ke jikin katin sadarwarta. Ko kuma a sanya wa kwamfutar lamba da hannu, wadda ke wajen jerin da na'urar ke rabawa, don kada a bai wa wata na'urar irinta su yi karo.

Akwai kuma batun tsaro. Wasu kan gaji su buɗe mai sauraron ga kowane adireshi don a huta. A kwamfutar da ke yawo tsakanin otal da tashar jirgi da shagon intanet, wannan na nufin duk wanda ke kan hanyar sadarwar zai iya gwada shiga rumbun, wanda wataƙila ke ɗauke da sunayen abokan ciniki ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. Idan babu wanda ke buƙatar shiga daga waje, a bar ƙofar a rufe, a sauya kalmar sirrin da aka fara da ita zuwa mai ƙarfi, a kuma riƙa ajiye kwafin bayanan a wata ma'adana daban kafin a taɓa kowane saiti.