Ɓarnar Da Ba Ta Ƙara: Yadda Labari Ke Farkar Da Jama'a Kan Muhalli

Uwargida, idan gobara ta tashi a unguwa, nan take kowa ya ji. Amma idan ruwan rijiya ya gurɓata, ko hayaƙi yana cin ƙirjin yaro a hankali, sai a yi shekaru ba wanda ya ce uffan. Wannan ne abin da Farfesa Rob Nixon, ɗan asalin Afirka ta Kudu, ya nazarta a littafinsa na 2011. Ya kira ta cutarwa mai tafiyar hawainiya, wadda talaka ya fi kowa ɗanɗana kuɗarta. A ganinsa, irin wannan ɓarna ba ta shiga kunnen hukuma sai an sami mai mayar da ita labari.

Cikin waɗanda suka yi masa jagora akwai wata mace, Rachel Carson ta Amurka. A 1962 ta rubuta littafi kan illar magungunan feshin ƙwari, amma ba ta fara da lissafi ba. Ta buɗe da hikayar wani gari da aka wayi gari babu kukan tsuntsu ko ɗaya. Hankalin jama'a ya tashi, kuma a 1972 Amurka ta hana fesa DDT a gonaki.

Nixon ya kuma duba marubucin nan na Nijeriya, Ken Saro-Wiwa, wanda ya bayyana wa duniya yadda malalar mai ta kashe gonaki da kifin Ogoni. An rataye shi a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995, tare da mutum 8. A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Mu ma mun ga irinta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya a tsakar gida, yara na wasa cikin ƙurar. Da labarin ya bazu tun da wuri, da iyaye da yawa ba su yi kuka ba.

Don haka 'yar'uwa, kada ki raina hirar dare. Bayan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, faɗa wa yaranki kuka da tsamiyar da kika taso kika gani a garinku, da abin da ya cinye su. Yaron da ya san yadda garinsu yake a da, shi zai iya tambayar wanda ya ɓata shi.