Kaɗanya: Arzikin Dajin Neja da Gatarin Masu Gawayi

Da damina ta kankama, matan karkarar jihohin Neja da Kwara kan yi sammako su tsinto 'ya'yan kaɗanya, su dafa ƙwallon, su shanya. Daga cikinsa ake tatso man kaɗe, wanda kamfanonin cakulan da na man shafawa a Turai ke rububi.

A watan Agustan 2025, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na tsawon wata 6, domin a riƙa sarrafa shi a gida, ribar ta zauna a hannunmu.

Sai dai kaɗanya kan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya. Mai gawayi kuwa yini guda ya ishe shi ya kayar da ita. Idan ba a tsare dajin ba, me masana'antun za su niƙa?