Zafin Bazara Da Ɗan Kafasiton Da Muke Rainawa

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Talata Mafara, Bakura da Maradun, fanka kan rage gudu, inbatar sola ta riƙa ɗaukewa. Mukan ɗora laifin a kan ƙarancin wuta, alhali sau da yawa ɓarnar tana cikin wani ɗan ƙaramin abu da masu gyara ke kira kafasito.

Kafasito faranti biyu ne na ƙarfe, da wani shamaki a tsakaninsu wanda wuta ba ta ratsa shi. Irin wannan shamaki shi ke ƙayyade yawan cajin da kafasiton zai riƙe. Takarda tana ninka abin da iska ke riƙewa sau uku zuwa huɗu, wani nau'in tangaran kuwa sau dubbai. Sai dai kowane shamaki da yadda yake jure zafi. Tangaran mai lamba C0G kusan ba ya sauyawa. Mai lamba X7R yana iya sauyawa da kashi 15 cikin ɗari, mai Y5V kuma an yarda ya rasa har kashi 82.

Manyan kafasitocin cikin inbata ruwan sinadari ne a cikinsu, zafi kuwa busar da shi yake yi. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu gida biyu. Saboda haka wanda aka rubuta wa digiri 105 yana iya ninka mai 85 daɗewa kusan sau huɗu, in awoyin da aka rubuta musu ɗaya ne.

Abin da ke damuna shi ne, mai saye adadin maikurofarad da farashi kaɗai yake dubawa. A gari irin Dosara, mutuwar inbata ɗaya tana iya tsayar da famfon burtsatse ko firjin allurar rigakafi.

A ganina, ya dace Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta shirya wa masu gyara gajeren horo da Hausa a kan karanta waɗannan lambobi. Mu kuma masu inbata, mu ɗauke ta daga ƙarƙashin rufin kwano zuwa inda iska ke ratsawa, mu nemi mai digiri 105 duk lokacin da za a sauya mana kafasito.