Hukumomin duniya da diyaucin ƙasa: Ta wace kafa iko ke zurarewa?

Duk lokacin da gwamnati ta sa hannu a wata yarjejeniya da ƙasashen waje, sai tsohuwar muhawara ta sake tashi a masallatai da kasuwanni da gidajen rediyon Kano: shin Najeriya ce ke mulkin kanta, ko kuwa daga Washington da Geneva ake juya ta? An ga haka a watan Yulin 2024 kan yarjejeniyar Samoa da aka ƙulla da Tarayyar Turai.

Ƙorafin masu ra'ayin mazan jiya shi ne, waɗannan hukumomi babu wanda ya zaɓe su, kuma babu wanda zai iya tsige su, amma suna tsoma baki a cikin dokar iyali da tarbiyya da farashin kaya. Suna da hujja. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, manyan shawarwari na buƙatar kashi 85 cikin 100 na ƙuri'u, Amurka kuwa ita kaɗai tana riƙe da fiye da kashi 16, don haka babu abin da zai wuce idan ta ƙi. A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya babu ƙasar Afirka ko ɗaya mai kujerar dindindin. Kuma ba mu kaɗai ke wannan kuka ba: da irinsa Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, da shi kuma Shugaba Trump ya ba da umarnin janye Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya a Janairun 2025.

Sai dai idan aka bi tarihi a tsanake, za a ga cewa ƙofar da aka fi tsaro ba ta nan ɓarawon ke shigowa ba.

A kan al'ada da addini, ƙasar nan tana da katanga. Sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa babu yarjejeniyar da za ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan daidaiton mata tun 1985, amma a Maris ɗin 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin da zai aiwatar da ita. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 kuwa sai da Kano ta shekara ashirin kafin ta yi tata, bayan an daidaita ta da fahimtar jama'arta.

Hatta jiha guda ta taɓa ce wa duniya a'a. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan-inna, bayan Majalisar Ƙoli ta Shari'a ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad ta nuna shakku kan maganin. Shakkun ba daga sama ya faɗo ba, domin jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ba a koma rigakafin ba sai a Yulin 2004, da maganin da aka kawo daga Indonesiya. An nuna iko, babu shakka. Amma cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma yaran da suka shanye a wancan tsakanin su suka biya kuɗin.

Inda katangar ba ta da ƙarfi shi ne wajen kuɗi, kuma don a gane haka ya kamata a bar birni a nufi Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa. Yankin na cikin ƙasar noman da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka yi yawa har babu gonar da ake hutarwa. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a fili ɗaya ake haɗa su, shekara bayan shekara, gado kuma na ƙara tsaga gonakin. Ƙasa irin wannan ba ta bayarwa sai an ciyar da ita. Saboda haka farashin buhun taki a nan shi ne ma'aunin ko rumbu zai kai gida wata damina.

A farkon shekarun 1980 gwamnati ce ke ɗauke da mafi yawan kuɗin takin zamani, kuma da bashin Bankin Duniya aka kafa hukumar KNARDA mai tura malaman gona ƙauyuka. Wannan alheri ne da masu suka ba su cika ambata ba. Sai farashin mai ya faɗi, bashi ya taru. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara kan karɓar rancen IMF, 'yan ƙasa suka ce ba sa so, shi kuma ya sanar da cewa an ƙi. Bayan 'yan watanni, a 1986, ya ƙaddamar da shirin SAP mai ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta gyaɗa. Nairar da a 1985 ta ɗara dala daraja, kafin ƙarshen 1986 sai an haɗa fiye da uku a sayi dala ɗaya. Tallafin taki ya yi ta hawa da sauka har aka cire shi baki ɗaya a 1997, kafin a maido da wani ɓangare a 1999.

Gaskiya ne hukumomin da aka rushe sun daɗe suna sayen gyaɗar manomi a wulaƙance, takin tallafi kuma sau da yawa a hannun 'yan siyasa da 'yan sumoga yake ƙarewa. Amma manomin Zakirai ba a tambaye shi ba sa'ad da aka ba shi, ba a kuma tambaye shi ba sa'ad da aka karɓe.

Abin ya maimaita kansa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, a watan Yuni kuma aka saki naira. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura zuwa 500, dalar da take kusan 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024. Matakai ne da Bankin Duniya da IMF suka shekara suna nema, kuma a Yunin 2024 bankin ya amince wa Najeriya da dala biliyan 2.25 don tallafa musu. Kuɗin motar da ke kai buhun wake daga Zakirai zuwa kasuwar Dawanau, da albashin ma'aikacin da zai saya, duk a nan aka yanke musu hukunci.

Babu sojan da ya tilasta wa kowa. Gwamnatocinmu ne suka je neman bashin, kuma doka ta ce sai Majalisar Tarayya ta amince kafin a ciwo shi. Majalisar da ta iya tsayawa kai da fata kan ƙudurin 2016 ba a cika jin ta ƙi buƙatar rance ba, balle ta karanta wa jama'a sharuɗɗan da ke ciki. A 2005 ƙungiyar Paris Club ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18, ƙasar ta biya fiye da biliyan 12 ta fita ƙangi. A yau bashin waje ya haura dala biliyan 40, kuma Bankin Duniya ne kan gaba a cikin masu bin mu.