Ɗakin da Ake Turawa

Yau hirar tamu a kan ɗaki take, musamman ga ke da kike wuni ki kwana a cikin gida.

Ki duba gidajen haya na Babban Giji, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. An kawo amarya ciki da falo, ita da maigida, wuri wadatacce. Yau ga yara biyar, babba ya kai shekara goma, lokacin da addini ya ce a raba musu shimfiɗa. Bango kuwa yana nan inda magini ya bar shi, mai gidan haya ba zai yarda a fasa ba. To, ya za a yi?

Iyayenmu na da ba su san wannan matsi ba. A gidan karkara, zana ce katanga. Idan ɗa ya yi aure, a tumɓuke dirkoki, a matsar da zana, an fitar masa da sashe. Jinkar ɗaki ma, maza kan taru su ɗauke ta cak su aza kan wani ginin. Wajen Buzaye na Agadas kuwa, ɗakin tabarmi na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, ita ke kafawa, ita ke kwancewa ranar tashi.

Masu zanen gine-gine na zamani sun dawo kan wannan dabara. A shekarar 1924, a birnin Utrecht na ƙasar Holan, wata baiwar Allah mai suna Truus Schröder, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta zauna da wani gwani, Gerrit Rietveld, suka tsara mata gida. A benen, bangayen na katako ne masu zamewa. Da rana a ture su gefe, wuri ya zama falo guda, da dare a jawo su, yara su samu ɗakunan kwana. A nan ta zauna har ta rasu a 1985. A Japan kuma, a shekarar 2000, Shigeru Ban ya gina wa wani iyali dogon gida mai ɗakuna huɗu a kan tayoyi, ana tura su duk inda aka ga dama, a haɗa biyu idan ana son babba.

Za ki ce, "Mu ina muka ga kuɗin wannan?" Ai ba kuɗin za mu ɗauko ba, dabarar za mu ɗauko. Sif ɗinki ko kabet, maimakon ki manna shi da bango, juya shi ya tsaya a tsakiya: gabansa naki, bayansa makwancin 'yan mata. Labule mai kauri a kan waya shi ma bango ne, da safe a yaye. In da hali, maigida ya sa kafinta ya yi allon katako mai ganye uku da ke naɗewa. A tsakar gida, asabari ko zana za su tsare ki idan masu gyara sun shigo. Ranar suna ko biki, a kawar da komai, baƙi su baje. Ranar tashi daga haya kuwa, bangonki ya bi ki a mota.

Amma a kula da abu uku. Kada a toshe taga, a bar tazara tsakanin allon da silin don iska ta ratsa, kin san zafin Kano a watan Afrilu. Sif da ke tsaye a tsakiya a ɗaure shi da kyau, kada yaro ya hau ya faɗo masa. Sannan risho, kurfoti, kyandir da maganin sauro na kunnawa, a nisanta su da labule, kuma kada a tare hanyar ƙofa.

Idan za ki kawo wa maigida maganar, ki zaɓi lokacin da ya huta, ki nuna masa inda kike so a raba da dalilinki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke ce kuma mai ɗakin.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.