Magana a Cikin Hular Kwano

Idan ka bi titunan GRA a Maiduguri da la'asar, ƙarƙashin inuwar darbejiya, ƙarar da za ta cika maka kunne ta Keke Napep ce, wasu da sifika a bayan kujera tana ta sakin waƙa. Kukan babur kam ya daɗe da barin unguwar. A watan Yulin 2011 gwamnatin Kashim Shettima ta haramta hawan babur a Maiduguri da Jere, bayan da masu kai hari suka mai da shi abin harbi a tsere. Yaron da aka haifa a shekarar bai taso cikin hayaniyar acaba ba. Amma a waya yana ganin wasu manyan babura masu faffaɗan ƙirji, da allo a gaba, da eriya a baya, mai tuƙi yana hira da matarsa suna gudun kilomita 120 a awa. Tambayar da ya kamata ya yi ita ce: yaya ake jin magana a cikin wannan iska?

Waɗannan su ne baburan doguwar tafiya. Sarkinsu Honda Gold Wing, wanda ya shiga kasuwa a 1975. Na yanzu injinsa silinda shida ne, sisi 1,833, alhali Boxer ɗin ɗan acaba bai wuce sisi 100 zuwa 150 ba. Tun farkon shekarun 1980 Honda ta fara sa wa wasu samfuransa rediyo daga masana'anta. Harley-Davidson ta Amurka ta fito da Ultra Classic Electra Glide a 1989, da rediyo da oba-oba da na'urar magana tsakanin mai tuƙi da wanda ya goya. A 2018 Gold Wing ya zama babur na farko da ya zo da Apple CarPlay, wato wayarka ta bayyana a allon babur da taswira da kira da saƙo.

Me ya bambanta rediyon kamfani da sifikar da mai wayarin ya ɗaura maka? An auna shi da ƙarfin batir da abin da injin ke caji, don haka ba ya cinye wuta ya bar ka da turi. An rufe shi daga ruwan sama da ƙura, abin da duk wanda ya ga hazon hunturu a Borno zai gane darajarsa. Maɓallansa suna kan kan babur, inda babban yatsa zai kai ba tare da hannu ya saki ba. Sannan yana sanin gudunka: ka ƙara mai sauti ya ƙaru, ka tsaya a danja ya sauko da kansa, kada ka cika wa jama'a kunne.

To amma sifikokin nan, in za a faɗi gaskiya, rabinsu ado ne. Abokin gaba iska ce. Masana lafiyar kunne suna sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A gudun babbar hanya, ƙugin iska a cikin hular kwano yana iya kaiwa 95 ko ya haura. Wanda ya taso daga Maiduguri ya bi Damaturu da Potiskum da Azare zuwa Kano, wajen kilomita 600, ya shafe yini a cikin wannan ƙugi. Idan ya ƙure waƙa don ta rinjayi iska, ya ƙara wa Borno dawaki ne kawai, kunnensa ne zai biya. Shi ya sa tsofaffin matafiya suke toshe kunne da soso, su bar ƙananan sifikoki na cikin hula su yi magana a hankali daf da kunne.

Aikin gaske a nan yake, cikin hula. Akwai makirfo a gaban baki, an lulluɓe shi da soso don kare iska. A tsofaffin babura igiya ce ke haɗa hula da babur, ka sauka ka manta ba ka cire ba ta finciko kanka. Na'urar tana jiran murya: da ka buɗe baki sai ta rage waƙa ta buɗe hanya ga na bayanka, ka yi shiru waƙa ta dawo. Yanzu Bluetooth ya kori igiya, kuma kamfanoni irin su Sena da Cardo suna yin na'urar da ke haɗa ayarin mahaya fiye da goma, kowace hula tana miƙa wa ta kusa da ita murya. Na gaba ya hango rami ko shanu suna tsallaka titi, kafin ya taka birki na ƙarshe ya ji.

Oba-obar da ake kira CB ita ce ta fi ba ni sha'awa, duk da samari suna mata kallon kayan da. Tana aiki a zangon megahaz 27, a Amurka tashoshinta 40, ta 9 an keɓe ta don neman agaji, ta 19 kuma dandalin direbobin tirela ce. Ba ta wuce 'yan kilomitoci, kuma ba a magana biyu lokaci guda, sai ka danna ka faɗi naka ka saki. Amma ba ta neman turken sadarwa, ba ta neman kati. Mutumin Maiduguri ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno na tsawon watanni, wayoyi masu tsada suka koma fitila da agogo. Kafin kowa ya yi sha'awar shigo da irin wannan rediyo dai, ya tuna zangon iska yana hannun hukuma, kuma a yankin da ke fama da matsalar tsaro riƙe oba-oba ba tare da izini ba neman magana ne.

Wani abin da ke tsaya min a rai shi ne ita kanta hular. A farkon 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin Najeriya, har aka ga 'yan acaba a wasu garuruwa suna kifa ƙwarya a ka don su wuce shinge. A watan Yunin shekarar, taƙaddama kan hular tsakanin jami'an tsaro na Operation Flush da mabiya Muhammad Yusuf a hanyar jana'iza ta kai ga harbi a nan Maiduguri, wata guda kafin rikicin da ya ɓarke a watan Yuli. A wurinmu hula ta zo da fuskar tara da shinge. Mahayin Gold Wing kuwa ba ya jiran ɗan sanda ya ce ya sa ta, domin in ya bar ta a gida ya bar wayarsa da taswirarsa da muryar abokin tafiyarsa a ciki.